Tafiyar Da Ba Ta Barin Komai Sai Labari: Riba Ce Ko Asara?

A wannan fitowa ina so mu tattauna wata tambaya da za ki iya ɗauka ba ta shafe ki ba, alhali kuwa tana nan cikin ɗakinki. Shin ya dace mutum ya kashe kuɗinsa a kan abin da idan ya wuce ba ya barin komai sai tunawa? Ba akuya, ba tasa, ba turmin atamfa, sai dai a ce an taɓa gani.

Abin da ya fi fito da wannan tambaya fili shi ne yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, irin wanda muke gani a wayoyin 'ya'yanmu. Ga wadda ba ta sani ba, jirgi ne mai kama da unguwa guda a kan teku, da ɗakunan kwana hawa-hawa, da wuraren cin abinci, da kantuna, har da ɗakin shan magani. Mutum zai biya kuɗi ya shiga, a yi kwanaki ana yawo da shi, a tsaya wannan gari a tsaya wancan, daga ƙarshe a dawo da shi inda aka ɗauke shi. Wani mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024 daga birnin Miami na Amurka, tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Kin ga ya fi ƙauyukanmu da yawa jama'a. Abin kuma bai tsaya a ƙasashen Turawa ba, domin a watan Disamban 2024 wani jirgin Saudiyya mai suna Aroya ya fara irin wannan yawo daga Jidda a cikin Bahar Maliya, ba giya ba caca a cikinsa.

Za ki ce ina ruwan matar manomi da wannan? To, a ajin matan aure na Islamiyyarmu akwai wata dattijuwa, mutuniyar wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Ɗanta da ke aiki a Saudiyya ya kai ta Umara ita da mahaifinsa, da suka kammala sai ya sanya su a irin wannan jirgi na kwana uku. Baiwar Allah nan ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tomas girma ba. Ta ce daren farko ba ta runtsa ba, gado yana ta jijjiga ta kamar goyo. Babbar damuwarta alƙibla, tunda jirgin juyawa yake yi, sai da aka nuna mata wurin sallah hankalinta ya kwanta. Amma abin da ta fi maimaitawa shi ne wata safiya bayan sallar Asuba, da suka zauna ita da Malam a saman jirgin. Ba ƙasa, ba bishiya, ba kukan jaki, sai rana da ta ɓullo daga cikin ruwa. Ta ce shekararsu arba'in da aure, amma ranar ce ta farko da suka zauna su biyu, ba mai sallama a ƙofa, ba tukunya a kan murhu.

Nan fa aji ya rabu biyu. Wasu suka ce ma sha Allah, ɗa ya yi abin kirki. Wasu kuma suka ce wannan kuɗi da shanun huɗa ya saya wa mahaifinsa, ko injin markaɗe ga mahaifiyarsa, da har gobe ana cin moriyarsa. Wata ta tambaye ta kai tsaye: "To Hajiya, me kika zo da shi daga jirgin?" Ta ce, "Labari."

Kada ki yi saurin raina maganar masu cewa asara ce. Mu nan ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi mun san abin da suke nufi. Gida na gogar gida, gona na gogar gona, kuma duk lokacin da aka raba gado gonar ƙara tsukewa take yi. Gidaje da yawa hatsinsu ba ya kai su wata kakar, kafin gero ya nuna an ga gindin rumbu. A irin wannan rayuwa, akuyar mace da tunkiyarta da adashenta da kwanukan jerenta ba ado ba ne kawai, su ne garkuwarta. Ranar da yaro ya kwanta ciwo cikin dare, akuya ake ja zuwa kasuwa. Ranar da aure ya girgiza, da kayan ɗakinta take fita. Labari kuwa, ko ki kai shi kasuwar Ɗambatta ba mai taya miki shi ko sisi. Wadda ta ce a sayi abin da za a iya riƙewa a hannu, ba rowa ce ta sa ta ba, wahala ce ta koya mata.

Suna da wata hujja ta biyu. Sun ce matan da suka hau teku a da, da dalili suka hau. Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW) ta ƙetare Bahar Maliya tare da mijinta Sayyidina Usman zuwa Habasha ne don tsira da addini. Ummu Haram bintu Milhan ta hau teku tare da mijinta Ubada bin Samit zuwa tsibirin Ƙubrus a zamanin halifancin Usman ne don ɗaukaka kalmar Allah, kuma can ta rasu. Kakanninmu da suka bi ta Maiduguri da Chadi da Hartum, wasu a ƙafa, suna tafe suna tsayawa yin ƙodago shekara da shekaru, har suka isa Sawakin suka hau jirgi suka ƙetare kimanin kilomita 300 na ruwa zuwa Jidda, aikin Hajji ne ya kai su. To shi wannan jirgi da zai dawo da ke inda ya ɗauke ki, ina ya nufa?

Duk da haka, ni ina ganin ba asara ba ce, kuma ga dalilaina.

Ki tuna da waɗannan kakanni da aka ambata. Duk wadda ta tashi a gidan da akwai tsohuwar da ta bi waccan hanya, ta san abin da ya saura a gidan. Kallabin da ta zo da shi ya yage, butar ta fashe, carbin ya tsinke. Abin da jikoki suka gada shi ne labarin ranar da ta fara ganin ruwan da ba shi da ƙarshe, da yadda jiri ya kwashe ta, da yadda kowa ya kama salati da igiyar ruwa ta taso. Haka kayan ɗakinmu. Kakanninmu sun jera ƙwarya, iyayenmu suka jera tasa da langa, mu muka jera tangaran da kuloli, kuma kowane a zamaninsa an ɗauka shi ne dukiyar da ba ta ƙarewa. Yau ina suke? Akuya takan mutu, ɓarawo yakan haura katanga, amma abin da idonki ya gani ba mai ƙwace miki shi, ko da takardar saki ce. Ashe ke nan tunawa ma dukiya ce, sai dai ba a sayar da ita.

Dalili na biyu zai ɗan yi ɗaci, amma mu gaya wa kanmu gaskiya. Mu mata mun daɗe muna kashe kuɗi a kan abin da ba ya barin komai sai labari. Ankon biki nawa kika yi bana? Nawa aka kashe a sunan da ya wuce, a shinkafa da lemo da mai hoto, wanda kafin Magariba an share gida kamar ba a yi ba? Wata har akuyar garkuwar take sayarwa don kada a ce ba ta fita kunya ba. Ba mu kira wannan asara ba, saboda mutane sun gan mu. Amma da aka ce wata ta kashe kuɗi don ita ta gani, ba don a gan ta ba, sai muka ce ɓarna. Ki auna da kanki: wanne ya fi kusa da almubazzaranci, abin da aka yi don idon jama'a, ko abin da ya sa tsohuwa ta dubi teku ta yi ta tasbihi? Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya ja hankalinmu ga jiragen da ke gudana a kan teku a matsayin aya, ya kuma kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa da lura. Hausawa ma suka ce gani ya kori ji.

Dalili na uku shi ne aure. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya, ta wuce shi. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake yi a wata tafiyar ya wuce ta, sai ya yi dariya ya tuna mata da na farkon, wato an rama. Ki lura 'yar'uwa, wannan tsere bai ƙara musu ko mudu ɗaya na abinci ba. Amma ya ajiye shi a zuciya shekara da shekaru, ya fito da shi ranar da ya dace. Kamar yadda gida yake buƙatar rumbun hatsi, haka aure yake buƙatar rumbun abubuwan tunawa masu daɗi, wanda za a ɗiba ranar da ciwo ko talauci ko saɓani ya zo. Gidaje nawa ne idan miji da mata suka waiwaya, ba abin da suka tara tare sai rigimar cefane?

Sai dai komai yana da iyaka, kuma a nan masu cewa asara suke da rabonsu na gaskiya.

Na farko, haƙƙi yana gaban nishaɗi. Ba a hawa jirgin shaƙatawa da bashi, ko alhali rumbu ba kowa, ko an koro yaro daga makaranta, ko maƙwabciya ta kwana da yunwa kin sani. Wanda ya sami ikon sauke farali bai sauke ba, Makka ce gabansa ba yawo ba. Ɗan dattijuwar nan sai da ya gyara wa iyayensa ɗaki, ya kai su Hajji a shekarun baya, sannan ya yi wannan. Inda kuma akwai abokiyar zama, adalci wajibi ne. Manzon Allah (SAW) ƙuri'a yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Abin tunawa mai daɗi ga ɗaki ɗaya, idan ya zama tabo ga ɗaya ɗakin, gobara aka sayo.

Na biyu, niyya. Ita kuwa a bakin mai ba da labari ake gane ta. Ki saurari wadda ta dawo daga tafiya: labarin teku take bayarwa, ko labarin kanta? Wata za ta ba ki labari ki ji kamar da ke aka je, ki tashi zuciyarki fes. Wata kuwa kafin ta gama kin raina ɗakinki, kin fara hararar mijinki. Ta farko ta raba miki tsaraba, ta biyu ta zo nuna miki rata ne. Wadda ta yi tafiya don hoton da za ta tura wa kishiya ko facala, ba teku ta je gani ba, anko ta sake yi, mai tsada.

Na uku, rai. Ruwa ba ya wasa da kowa. A watan Janairun 2012 katafaren jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu. Mu kuwa ba sai mun je nesa ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, kuma an danganta abin da lodin da ya wuce kima. Duk malamar Islamiyya a wannan yanki tana jin wannan rana a ƙirjinta har yau. Allah Ya jiƙansu. Don haka ko a teku ko a dam, idan jirgi ya cika ki haƙura ki jira na gaba, ki nemi rigar kariya ga kanki da yaranki, kada kunya ta hana ki magana. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Na san mafi yawanmu ba za mu taɓa taka irin wancan jirgi ba, kuma ba komai. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da dattijuwar nan ta samo ba a cikin tsadar jirgin yake ba, yana cikin zama da mijinta wuri ɗaya ba aiki a gabansu, suna kallon abin da ba su taɓa gani ba. Wannan kuwa bai fi ƙarfin manomi ba. Idan kaka ta yi, an gama sussuka an kai amfani gida, me zai hana ki lallaɓa maigida cikin ladabi, ku ɗauki yini ɗaya ku je bakin dam ɗin Tomas ko na Wasai a Minjibir, da furarku a ƙwarya? Ko ku shiga birni ku hau Dutsen Dala ku ga Kano a ƙarƙashinku, ku leƙa Gidan Makama? Akwai matan da aka haifa a nan, suka tsufa a nan, ba su taɓa ganin ko ɗaya daga ciki ba. Idan kin kwashi adashe, ki ware ɗan wani abu don wannan, ko da zai rage miki anko ɗaya. Idan kuma Allah Ya buɗa wa ɗanki, ki tuna masa cewa iyaye ba ciki kaɗai gare su ba, suna da ido.

Amsata ke nan: tafiyar da ba ta barin komai sai labari riba ce, matuƙar ba a tauye haƙƙin kowa ba wajen yin ta, ba a yi ta don a ƙona zuciyar wata ba, ba a kuma sayar da rai ba. Allah Ya ba mu halal mai yalwa, Ya sanya albarka a gidajenmu, Ya nuna mana ayoyinSa da idon basira. Amin summa amin.