Sarar Reshe: Ina Iyakar Gyara da Ɓarna?

Tun ina yaro a Tsamaye, can ƙasar Gobir, na shaida wata gardama wadda har yau nake juya ta a zuciyata. Wata bazara ciyawa ta ƙare ƙaƙaf, sai wani saurayi makiyayi ya hau gawon gonar kawuna ya sassaro wa shanunsa rassa. Kawu bai ce uffan ba. Amma da ya nufi tsamiyar da ke gefe, wadda ta fara fure, sai tsohon ya ce, "Yaro, dakata. Gawo zai sake tohowa, wannan kuwa kunun baɗi za ka sare." Saurayin ya ce, "Baba, shanuna bana za su mutu, ba baɗi ba." To, 'yan'uwa ɗalibai, wa ke da gaskiya?

Ashe malaman Yahudawa sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. A cikin Attaura, littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 20, an hana mayaƙa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da sun yi wa birni ƙawanya. Daga nan malamansu suka faɗaɗa hanin ya game kowace irin ɓarna. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya bayyana cewa abin da aka hana shi ne sara don lalatawa. Idan itace yana cutar da wasu itatuwa ko gonar maƙwabci, ya halatta a kawar da shi. Game da rassa kuwa, sun yarda da datsewar da ke amfanar itacen, kuma da yawansu sun halatta yanka don buƙata, muddin itacen ba zai mutu ba. Mu ma mun karanta a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunar Sham sare itace mai 'ya'ya.

Maƙwabtanmu na Maradi sun nuna haka a aikace. Tun wajen 1983 manoma suka riƙa rage tohon kututture su bar kaɗan masu ƙarfi, har gonakin da suka zama fili suka sake yin inuwa. Wato gatari guda ne ke kashewa, shi ne kuma ke rayawa.

A ganina, buƙatar makiyayin gaskiya ce, shi ya sa kawu ya bar masa gawo. Amma tsamiya tana da masu haƙƙi da ba su halarci gardamar ba: matar da za ta dama kunu da azumi, da jikan da ba a haifa ba. Su ba su da baki, sai wani ya ara musu. Saboda haka kafin mutum ya ɗaga gatari, ya tambayi kansa: bayan na sauko, me na bar wa na baya?

Kawu dai ya kwance wa saurayin nan dami biyu na harawa, tsamiya kuwa ta yi 'ya'ya.