Nesa ta zo kusa: me ke wuyan wanda ya gani?



Unguwar da nake zaune, Mahjar, ta samo sunanta ne daga wurin killace mahajjata, inda a da ake tsare baƙin da suka sauko daga jirgin ruwa har a tabbata ba su shigo da annoba ba. Maƙwabciyarta Karantina ma ma'anar sunanta ke nan. Kakanninmu da suka zo a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya, sukan shekara ba su ji labarin gida ba. In wani ya kwanta ciwo a Katsina, sai an daɗe da share makokinsa kafin wasiƙa ta iso. Ba wanda zai tuhume su da cewa sun ƙi taimako, domin ba su sani ba. Mu kuwa wannan uzuri ya kuɓuce mana. A yau a wannan unguwa akwai Asibitin Sarki Abdul'aziz da cibiyarsa ta masu ciwon daji, a aljihun kowannenmu kuma akwai waya da ke kawo hoton majiyyaci daga gida kafin a idar da sallar isha'i.

Haka hoton ɗan ƙanina ya iso mini. Yaro ne ɗan shekara 6, kumatunsa na hagu ya kumbura har ya danne ido, haƙoransa suna girgiɗa. An riga an kai shi wurin wanzami, an cire haƙori ɗaya, an sha maganin kemis, kumburi sai ƙaruwa yake. Ƙanina ya turo saƙon murya: "Yaya, ku da ke ƙasar manyan likitoci, a taimaka a rubuto mana magani."

Akwai wani likitan yara ɗan Sudan da muke salla masallaci ɗaya, ƙwararre a kan ciwon dajin yara. Da asuba na tare shi a ƙofar masallaci na nuna masa hoton. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce yana da zato mai ƙarfi game da abin da ke damun yaron, amma ba zai rubuta ko ƙwaya ɗaya a kan hoto ba. Ya ce a kai shi asibitin koyarwa a ranar, kada a bari sai gobe, sannan in kawo masa lambar likitan da zai taɓa yaron da hannunsa. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. A zuciyata na ce ga mutum Allah ya ba shi ilimi yana rowarsa. Na daɗe ina juya wannan fushi nawa, kuma shi ne asalin wannan rubutu.

Zaton likitan ya tabbata: ciwon dajin nan ne da ake kira da sunan Burkitt. Denis Burkitt likitan fiɗa ne ɗan Ailan da ya yi aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya kuma wallafa bayanin cutar a 1958. Abin da ya ja hankalina a tarihinsa shi ne yadda ya nemi abokan shawara. Ya buga takardu ɗauke da hotunan yara masu kumburin muƙamuƙi, ya aika ta gidan waya zuwa asibitocin Afirka yana tambaya ko suna ganin irin wannan. A 1961 ya shiga mota da abokai biyu suka yi tafiyar kusan mil 10,000, asibiti bayan asibiti. Daga nan aka gane cewa cutar ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wato har da ƙasarmu. A shekarar ne kuma wani masani, Anthony Epstein, ya saurari laccarsa a Landan, aka riƙa aika masa da samfurin ƙari daga Yuganda, har a 1964 aka gano ƙwayar cutar da ake kira Epstein-Barr. Ashe tun farkon lamarin, ilimin wannan ciwo da wasiƙa da tafiya da tambayar juna aka tara shi.

Abin da ya ci wa Burkitt watanni, yanzu aikin sa'a ɗaya ne. A 2002 asibitin yara na St. Jude da ke Memphis a Amurka ya buɗe dandalin Cure4Kids, inda likitoci da ma'aikatan jinya daga ko'ina suke samun darussa kyauta, suna kuma haɗuwa ta intanet su tattauna matsalar yaro guda. Tun 2004 likitocin Cibiyar Sarki Hussaini da ke Amman suka fara zama ta bidiyo da takwarorinsu na asibitin yara na Toronto a kan ƙarin ƙwaƙwalwa. Nan Saudiyya ma an buɗe asibitin Seha a Riyad a 2022, wanda aikinsa duba marasa lafiya daga nesa. Duk da haka alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ba su da daɗin ji: kimanin yara da matasa 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara, a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu ba a kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 hukumar ta ɗaura aniyar kai adadin masu rayuwa zuwa kashi 60 nan da 2030, ciwon Burkitt kuwa yana cikin guda shida da aka sa a gaba, saboda yana jin magani.

To, in ilimi ya zama mai sauƙin aikawa haka, me ya hana likitan nan rubuta mini magani? Amsar ta zo mini kwana biyar bayan haka, ina zaune a gefe a falonsa. An kwantar da yaron, wata matashiyar likita ce ke kula da shi. Ta ɗora kyamarar wayarta a kan madubin duba ƙwayoyin halitta ta turo hoton abin da ta gani, suka yi ittifaƙi a kan sunan cutar. Sai shi ya fara lissafo tsarin magani irin wanda ya saba bayarwa, mai ƙarfi, wanda ke warkar da mafi yawan yara a inda ake da kayan aiki. Ta bar shi ya kai aya, sannan cikin ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu da na'urar auna yawan wannan magani a cikin jini. Ƙarin jini kuma sai dangi sun bayar. Yaron nan ga tamowa a jikinsa. In na ba shi abin da ka faɗa, maganin zai riga ciwon kashe shi."

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "To, Dakta, faɗa mini abin da kike da shi, mu gina a kai."

Ciwon Burkitt yana cikin mafiya saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙarin kan ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka kuma yake saurin narkewa in magani ya taɓa shi, dattin da ya narke kuwa yana iya toshe ƙoda in ba a yi ta ƙarin ruwa ana lura da fitsari ba. Maganin yana karya garkuwar jiki, zazzaɓin da ba a kula da shi cikin dare ba sai ya zama ajali. Duk waɗannan a bakin gado ake ganinsu. Likitoci a Malawi sun shafe shekaru suna gwada tsarin magani mai sauƙi saboda irin wannan dalili, kuma irinsa ne suka daidaita a kai a wannan dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ya biya mini buƙatata a ƙofar masallaci, da na tura takardar ƙanina ya kai kemis, da ni da shi mun yi tarayya a cikin abin da ba na son ambata.

A nan na fahimci cewa abin da na kira rowa amana ce. Na nesa yana da ilimin littafi da gogewar ɗaruruwan yara, na kusa yana da sanin abin da ke cikin ma'ajiyar magani da abin da ke aljihun uba. Allon waya yana ruɗar na nesa ya zaci yana cikin ɗakin, alhali ba ya jin zafin jikin yaron, ba shi ne zai tashi ƙarfe uku na dare ba, ba shi ne zai fuskanci uwa da safe ba. Saboda haka hukuncin ƙarshe na wanda ke riƙe da hannun majiyyaci ne. Na sha ganin akasin haka a tsakaninmu, har a abin da bai kai ciwon daji ba: mutum yana Jidda ko Makka, don yana aika riyal, sai ya riƙa ba likitan gida umarni ta bakin dangi, ya ce a canza magani domin wani ya gaya masa ba haka ake yi a nan ba.

Sai dai ban rubuta wannan don in wanke na nesa ba, domin ni ma na nesa ne, kuma ban fita ba.

Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma koka da yadda garuruwa suka cika da masu zurfafa muhawarar fiƙihu alhali babu mai duba mara lafiya. Farillar kifaya, kamar yadda muka karanta a zaure, in wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Tambayar da ke damuna ita ce: su wane ne "kowa"? A zamanin kakanninmu amsar a fili take, mutanen garin ne, waɗanda labari ya isa gare su kuma suke da iko. Yanzu labari yana isowa Mahjar kafin ya isa ƙauyen da ke maƙwabtaka. Ni ba mufti ba ne, na bar wa malamanmu fatawa. Amma a iya fahimtata, sani da iko su ne ke ɗora nauyi, kuma waya ta ba mu na farko gaba ɗaya, ta ba mu wani yanki na biyun. Ba na jin za mu iya cewa ba mu cikin mutanen garin.

Ga yadda na sauke nawa nauyin, ku yi mini hukunci. Na tura hoton yaron a zauren WhatsApp na 'yan'uwa, aka tara abin da aka tara, Allah ya saka wa kowa. Ban nemi izinin uwarsa ba, kuma har yau fuskar nan a kumbure tana cikin wayoyin mutanen da ba su san sunansa ba. Wannan ma abin dubawa ne, domin ciwo bai cire wa yaro haƙƙin sutura ba. Bayan zagayen farko na magani kumburin ya saɓe kamar ba a yi ba. Aka turo mini bidiyonsa yana dariya yana cin ƙosai. Na yi hamdala, na nuna wa likita, ya ce mini, "Kada ka saki jiki, yanzu ne aka fi rasa su." Na ji, amma ban riƙe ba. Na koma harkokina.

Damina ta faɗi. Ƙanina manomi ne, asibiti na da nisa, kowane zuwa kuɗin mota ne da na abinci da kwanakin da gona ke zaune babu mai nome ta, ga yaro a ganinsa ya warke. Bayan zagaye na biyu bai koma ba. Likitar ta kira, waya a kashe. Ni da ke da lambar matarsa da ta maƙwabcinsa da ta limamin garin, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban tambaya ba, sai bayan mako bakwai da aka turo wani hoton. Ciwon Burkitt in ya dawo ba ya jin magani kamar farko. Ya rasu kafin babbar salla. Allah ya sa mai ceto ne.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka, kuma ban ce kiran wayata zai tsawaita kwanansa ba. Amma ba a kan ajali za a tambaye ni ba, a kan abin da ke hannuna ne. Likitocin nan biyu sun yi nasu: ilimi ya tsallaka teku, an tace shi, ya dace da wurin. Inda igiyar ta tsinke shi ne tsakanin asibiti da gida, wurin da babu dandalin intanet da ke kaiwa sai ɗan'uwa. Barin magani a tsakiya yana cikin manyan dalilan da ke sa yaranmu mutuwa da ciwon da ake warkewa, kuma maganinsa ba ya buƙatar digiri: kuɗin mota a kan kari, wanda zai kama wa uba noma, da muryar da yake jin nauyinta tana tuna masa ranar komawa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu da ƙafarmu ba ta kaiwa, mun ɗauka babban yatsa ya wadatar, a tura hoto, a tura kuɗi, a tura addu'a, a wuce. Gani sau ɗaya yana motsa tausayi, jinyar kuwa watanni take ci, tausayin kuma ba ya kai ƙarshenta in ba a ɗaure shi da alkawari ba.

Likitan nan da likitar ba su daina haɗuwa ba. Duk Talata biyu suna zama, ƙarfe tara na dare agogon Jidda, bakwai agogon gida, wasu abokan aikinta ma sun fara shigowa. Yakan ce ya koyi abubuwa a wurinsu game da jinyar yaro mai tamowa da bai taɓa cin karo da su a nan ba. Ni kuma na roƙi a ba ni wani aiki, da izinin iyayen aka ba ni: lambobin iyaye huɗu, in kira kowanne kwana biyu kafin ranar komawarsa, in ji ko akwai kuɗin mota. Uku suna ɗauka. Na huɗun tun ranar Juma'a wayarsa ba ta shiga, ranar Litinin kuma ake jiran 'yarsa. Wanda duk yake da ɗan'uwa a wajen Dutsin-ma da zai iya hawa babur ya leƙa wani ƙauye, don Allah ya same ni bayan sallar isha'i.