Idan Alƙalami Ya Yi Kisa, Wa Za a Kama?

Mu marubuta mun saba yi wa alƙalami kirari, mu ce ya fi takobi kaifi. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, shin marubuci na da alhakin ɓarnar da labarinsa ya yi bayan ya daɗe a kabari?

A shekarar 1144 aka tsinci gawar wani yaro mai suna William a dajin garin Norwich na ƙasar Ingila. Ba a gano wanda ya kashe shi ba. Bayan 'yan shekaru sai wani malamin coci, Thomas na Monmouth, ya rubuta littafi yana cewa Yahudawan garin ne suka azabtar da yaron har ya mutu. Ya ƙara gishiri, wai duk shekara manyansu kan taru su jefa ƙuri'a a kan ƙasar da za a kashe yaron Kirista. Hujja babu, amma labarin ya tsaru: ga yaro marar laifi, ga baƙi, ga taron asiri. Irin wannan labari ba ya kwana wuri ɗaya.

A Fulda ta Jamus, a 1235, aka ƙara masa zancen ɗibar jini. Sarki Frederick na II ya sa aka bincika, aka wanke Yahudawa. Fafaroma Innocent na IV ma ya ƙaryata zancen a 1247. Duk a banza. Da aka sake irin wannan zargi a Trent a 1475, injin buga littafi ya riga ya zo, sai ƙaryar ta samu hotuna. Irin waɗannan tsofaffin hotuna jaridar 'yan Nazi, Der Stürmer, ta tono ta buga a 1934.

Wasu masana na cewa ƙiyayyar Hitler sabuwa ce, domin ta jinsi ce, ba ta addini ba: a da Bayahude kan tsira in ya karɓi Kiristanci, a zamanin Nazi kuwa babu wannan ƙofa. Gaskiya ne. To amma da wace siffa talakan Jamus ya gane "maƙiyin" da aka nuna masa, in ba wadda ya gada daga wa'azi da zane da tatsuniya ba?

A ganinmu ba za a ɗora wa Thomas kisan da bai gani ba. Laifinsa shi ne ya ɗauki zato ya yi masa rigar tarihi, alhali yana da bukatar kabarin yaron ya zama wurin ziyara. Sauran alhakin kuwa na kan duk wanda ya kwafa bai bincika ba. Mu ma ba mu kuɓuta daga wannan jarrabawa ba, don zargin ya ɓulla a Dimashƙu a 1840 da goyon bayan jakadan Faransa, har Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya fitar da doka yana ƙaryata shi. Mai ƙorafi a kan abin da gwamnatin Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa yana da abin faɗa na zahiri; ba ya bukatar aron tatsuniyar Norwich.

A watan Yuli na 1946, bayan an gama yaƙi, an kuma ga abin da ya faru a sansanonin Nazi, wani yaro ɗan shekara 8 a Kielce ta ƙasar Folan ya ce Yahudawa sun kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Aka far wa gidan da ya nuna, aka kashe Yahudawa 42. Gidan ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa.