Yaro Ya Tsuguna A Ƙofar Maƙwabci: Laifin Wa?

A Nahuce ta ƙasar Bunguɗu, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Gusau, akwai wata 'yar rigima wadda ba ta kan kai gaban alƙali ba, amma ta kan ɓata zumunci. Magidanci ya fito da asuba za shi masallaci, sai ya taka abin da yaron maƙwabcinsa ya ajiye a bakin zaure. Kafin ya koma ya wanke ƙafa da takalmi, jam'i ya wuce shi. Da hantsi magana ta shiga cikin gida, mata suka ɗauka ta kan katanga. Uban yaro ya ji kunya, ya tsinko tsumagiya ya zane ɗan shekara biyu da rabi, kowa ya ce an yi hukunci. Jibi kuma sai a sake tarad da abin, ko dai a nan, ko a bayan rumbu inda ba mai gani.

To, laifin wa ke nan?

Shi dai yaro a fid da shi tun da wuri. Malamai sun ce alƙalami bai hau kansa ba tukuna, likitoci kuma sun ce yawancin yara ba su iya riƙe fitsari da bayan gida sai sun kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, waɗansu har uku. Wanda jikinsa bai ƙosa ba, kuma ba a nuna masa wuri ba, ba a ce ya yi ganganci.

Waɗansu kuwa su kan ce ai ba laifin kowa, kashin yaro ne, me ya ci ban da nono da kunu? Wannan magana ta yi tsawon rai a bakin tsofaffi, amma ba ta da tushe. A mazhabar Malikiyya fitsarin jariri da kashinsa najasa ne kamar na babba. Sauƙin da aka yi wa mai shayarwa game da zanenta, saboda wahala aka yi shi, kuma da sharaɗin tana ƙoƙarin kiyayewa, har an so ta keɓe wani zane don salla. Ta wajen likita kuwa al'amarin ya fi haka nauyi, domin yara sun fi manya yawan zawo da tsutsar ciki, saboda haka abin da ke fita daga cikinsu ya kan fi ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Ga abin da ya faru a birnin Landan na Ingila cikin shekarar 1854. Ciwon amai da gudawa ya faɗa wa wata unguwa mai suna Soho, cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu. A zamanin nan yawancin masana suna tsammani wari ne ke kawo ciwon. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan su ke ɗibar ruwa, ya ga kusan dukansu famfo ɗaya su ke sha. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya wani limamin Kirista na unguwar, Henry Whitehead, ya bi sawu har ya gano wata jaririya da ta yi zawo gab da ɓarkewar ciwon. Uwarta ta wanke tsummokinta, ta zuba ruwan a wani ramin ƙazanta, ramin kuwa taku ɗaya ko biyu ne tsakaninsa da rijiyar famfon, ga shi gininsa ya rube yana yoyo. Matar nan ba ta nufi kowa da sharri ba. Abin da uwaye ke yi kullum ta yi.

Ba sai an tafi Ingila ba. A shekarar 2021 wannan ciwo ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Zamfara kuwa tana cikin waɗanda suka sha wuya. Shan-inna ma, wadda sai a 2020 aka tabbatar an raba Afirka da asalin ƙwayarta, ta bayan gidan yara ta ke bi ta shiga bakin waɗansu yaran. Ƙuda ba ya san katanga ba, ruwan damina kuma in ya kwaso juji ba ya tambayar rijiyar wa ya ke zubawa. Ashe wurin da ɗan wani ya tsuguna ba sha'anin gidansu kaɗai ba ne, haƙƙin maƙwabta ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani ga biyan bukata a kan hanyar mutane da inuwar da su ke hutawa, kuma tun da yaro bai san hani ba, nauyin yana kan wanda ya haife shi.

Sau da yawa a nan sai a juya kan uwa. Amma a yi mata adalci. Matan ƙasar Hausa gwanaye ne wajen tarar jariri: tun yana 'yan watanni uwa ta kan zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kai, ta san lokacinsa, ta san irin motsin da ya kan yi a goye. (Famfas da ya shigo yanzu ya rage wa uwa wanki, amma ya rage mata wannan sani, ga shi kuma a kan jefar da shi a bola da abin da ke ciki, akuya ta ja, yara su yi wasa kusa.) Wahala ta kan soma ne bayan yaye. Yaro ya sauka daga baya, wataƙila an kai shi wurin kaka, wataƙila uwa ta sami wani ciki. Ya wuce a tare shi a ƙafa, bai kuwa isa shiga masai ba. Masan gidan bakinsa ya zaizaye ya yi faɗi, ciki duhu, ga kyankyasai, ita kanta uwar tana tsoron kada ya zurma. Sai ta ce, "Je ka can bayan gida." Yaro kuwa ko ina bayan gida ne a wurinsa.

Masai aikin wa ne? Na mai gida ne. Shi ke haƙawa, shi ke gyarawa. Mutumin da ya iya sayen babur da wayar hannu, amma ya kasa sayen ɗan fo na roba, ya kasa sa magini ya rage bakin masai ya yi masa murfi, ba shi da bakin tsinko tsumagiya. Dukan da ya yi, kunyarsa ya huce a jikin wanda ba ya iya ramawa. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara masai ya nisanci rijiya da kamar mita 30, kuma wannan ma ba uwa ce ke aunawa ba. A zamanin En'e duba-gari ya kan shiga gida ya leƙa randa da masai, ya kai mai gida ƙara, ba matarsa ba. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a daina bayan gida a fili, a 2022 kuma aka bayyana Jigawa ita ce jiha ta fari da ta cim ma haka. Amma ba gwamnatin da za ta iya tsayawa a kan ko wane yaro da sassafe.

Mai karatu zai yiwu ya ce, ai icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, in ba a tsawata ba yaushe zai koya? Gaskiya ne, sai dai tanƙwarawa daban, karyawa daban. Yaron da aka doka don ya yi a fili, abin da ya fahimta shi ne yin abin laifi ne, ba wurin ba. Sai ya riƙa ɓuya, ko ya riƙe cikinsa kwana biyu uku har ya bushe, in ya zo yi ya ji zafi, zafin ya ƙara masa tsoro. Haka kuma mai fitsarin kwance, wanda a kan tara yara su yi masa ature suna ce masa amalala: cikin barci abin ke zuwa, ya kan kai shekara biyar ko fiye, yawanci kuma ya wuce don kansa. Da wani Balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka tasam masa, Annabi ya hana su, ya bar shi ya gama, ya sa aka zuba guga na ruwa a wurin, sa'an nan ya kira shi ya koya masa da taushin murya. Wannan fa babba ne mai gemu, a cikin masallaci.

Koyarwar ba ta da wuyar ganewa, haƙuri ta ke ci. A keɓe wa yaro fo ko kasko a wuri ɗaya, a zaunad da shi da ya tashi barci da bayan ya ci abinci. In ya yi a yaba masa, in ya kuskure a kwashe ba da hayaniya ba. Abin da aka kwashe masai za a kai, ba kwata ko juji ba. A wanke masa, sa'an nan mai wankewa ta wanke hannunta da nasa da sabulu, in babu ko da toka, kafin ta koma kan tuwo. In ya yi wayo a riƙa shiga da shi masai da rana, a riƙe masa hannu, har ya saba ya ɗauki 'yar butarsa da kansa.

Saura maƙwabcin da ya taka. Yana da haƙƙi, ba a ce ya yi shiru ba. Amma in ya bar mata suka ɗauki maganar, duka zai jawo wa yaro, kuma jibi ya sake takawa. Gara bayan sallar la'asar ya ja uban gefe ya ce, "Malam, yaron nan namu ya isa a nuna masa wuri. Masanku kuwa na ga bakinsa ya buɗe, ina da sauran siminti rabin buhu, a aiko a ɗauka."