Ɗana, kafin ka hau keke ka nufi Ingal

Ɗana, na lura hawan keke na dogon zango ya shiga zukatanku, ku matasa. Tun da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a babban tseren Faransa na 2024 ya tafi da koriyar riga, Kigali kuma ta karɓi gasar duniya a Satumban 2025, karo na farko a Afirka, duk yaron da ya mallaki keke sai ya ji shi ma zai iya. Wallahi ina murna da haka. Keke yana gyara jiki, ba ya shan mai, kuma ya fi zaman fada daga safe har dare. Maƙwabtanmu na Burkina suna tseren Tour du Faso tun 1987, kuma ba ƙafa suka fi mu ba. Sai dai da na ji wasunku na shirin taka keke har Ingal, na ga wajibi ne in zaunar da kai.

Ingal na wajen kilomita 160 yamma da Agadas. Da aka shimfiɗa hanyar yuraniyom a ƙarshen shekarun 1970, daga Tawa ta Abalak zuwa Agadas har Arlit, sai ta ratse ta bar garin gefe, dole ka sauka daga babban titi ka kama reshe. Kai da ka saba da ƙasar Maradi ko Katsina, inda kafin gumi ya bushe ka iso wani ƙauye mai kasuwa da mai shayi da mai faci, ka cire wannan lissafin daga ranka. A can kana iya shafe awoyi ba ka ga rumfa ko rijiya ba.

Hawan tudu kuke tsoro, na sani, domin shi kuke gani a talabijin. Akwai tsaunin Tigidit, doguwar gangara ta dutse da ta lanƙwasa a kudancin Ingal, amma ba ita za ta karya ka ba. Abin tsoro shi ne shimfiɗaɗɗen filin Irhazar da ke arewa da ita, ƙasar yumɓu da ruwan duwatsun Abzin ke malalowa a kai. Bikin lasar gishiri na Ingal, wanda hukuma ke kira Cure Salée, a watan Satumba ake yin sa, damina ba ta gama tattara kayanta ba. Ruwa ɗaya ya isa ya mai da filin nan taɓo. Lakar takan kama taya, ta taru tsakaninta da ƙarfen keke, ta cika sarƙa da birki, har tayar ta ƙi juyawa sam. Ka kankare da itace, ka taka kaɗan, ta sake cikewa. Daga nan kai za ka saɓa keken a kafaɗa da duk kayan da ke kansa. Ga kuma kori: ana iya yin ruwa can nesa, sama tana garau a inda kake, sai ka ji ruri, kafin ka farga busasshen kwari ya zama kogi. Kada ka kwana a cikin kori komai laushin yashinsa, kada kuma ka tsallaka shi yana gudu. Ka zauna a gaɓa ka jira, zai sauka.

In kuwa da hunturu za ka, iska daga arewa maso gabas take kaɗawa. Wanda ya taso daga Agadas tana bayansa, tana tura shi, sai ya ɗauka ƙarfinsa ne. A dawowa zai gane, lokacin da kowane taki ke cin ƙarfin biyu, ƙura na shiga ido, tafiyar wuni guda ta nemi kwana biyu. Saboda haka guzurinka da dawowa za ka auna shi. Watannin Afrilu da Mayu kuwa, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kada ma ka fara.

Maganar ruwa ita ce uwar nasihar nan. Mai aikin ƙarfi a rana yakan zubar da lita guda ta gumi cikin awa, wani lokaci fiye, kuma busasshiyar iskar can tana shanye gumin tun kafin ka gan shi, sai ka zaci ba ka yi ba. Kada ka jira ƙishirwa. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, ka duba fitsarinka: in ya yi ja ya ragu, jikinka ya fara bushewa. In kai ya soma sara, ido na juyawa, ka nemi inuwa nan take. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka kuma sani gishirin da ke jawo makiyaya Ingal yana cikin ruwan wasu rijiyoyin, ruwan da ke gyara raƙumi yana iya ɓata maka ciki. Ka tambayi wadda mutane ke sha, ka tafasa ko ka sa ƙwayar tsabtace ruwa. Ka tashi bayan sallar asuba, ka sauka da hantsi ya ɗaga, sai bayan la'asar ka ci gaba, rawani naɗe da fuskarka kamar yadda ka ga masu ƙasar sun yi.

Ƙaya kuwa ba makawa, tsidau a ƙasa, ƙayar aduwa a gindin inuwar da za ka so hutawa. Ka koyi faci da hannunka tun a gida. In taya ta sace, kada ka ɓata ruwan sha wajen neman huji: ka ɗan sa wa tub iska, ka juya shi a hankali kusa da leɓenka, za ka ji inda take fita. Kafin ka mayar, ka bi cikin tayar da yatsa har ka zare ƙayar, in ba haka ba facin banza ka yi.

Saura mutane, kuma a nan na fi so ka buɗe kunne. Ingal tsohon gari ne mai masu shi. Isawaghen, 'yan asalin garin, suna da harshensu Tasawaq, dangin Songhai da ya cuɗanya da Tamajaq. Ga Abzinawa, ga Fulanin Wodaabe, ga Larabawa, Hausa kuma tana haɗa su a kasuwa. Kai baƙo ne. Ka yi sallama, ka gaida dattijo ka tambayi iyali da dabbobi kafin ka tambayi hanya. In ka iso garke ko bakin rijiya, ka sauka ka tura keken, domin raƙumi yakan zabura da abin da bai saba gani ba, kuma rijiya tana da layi, wani tun dare yake jiran nasa. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matar mutum ko samari masu rawar Gerewol ba tare da izini ba. Mutane ne da mutuncinsu, ba don kai suka yi kwalliya ba. Dabinon garkunan Ingal, wanda almadina ta yi suna a cikinsa, gumin masu garin ne na shekara, ka je kasuwa ka saya. Ƙasusuwan manyan dabbobin da da ke warwatse a yankin, irin na Jobaria da Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana a 1999, dukiyar Nijar ce, ka kalla ka bar su inda ka same su.

In ranka ya biya ka ga ramukan gishiri na Tagidda-n-Tesum, tafiyar kilomita 80 da wani abu arewa da Ingal, ka nemi ja-gora ɗan ƙasa. Ibn Battuta, duk da yawon duniyar da ya yi, da ya bar Takadda a wannan yanki a 1353, cikin ayari ya tafi. Kai ma ku tafi a ƙungiya. Ku sanar da jandarmomi inda kuka nufa, kada ku yi tafiyar dare, kuma a babban titi ku kauce wa manyan motoci tun daga nesa, domin direban da ke gudun rami ba ya ganin mai keke. Akwai 'yan fashi a hanyoyin arewa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. In masu gari ko hukuma suka ce hanya ba kyau, ka juya, ba wanda zai kira ka matsoraci.

Kafin komai, ka je ka durƙusa gaban mahaifiyarka da mahaifinka, ka gaya musu hanyar da za ka bi, da waɗanda za ku tafi tare, da ranar dawowarka. In sun sa albarka, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. In sun ce ba bana ba, ka jingine keken, ɗana.