Ɗan Bida ko Baƙon Haure?

Da hatsi ya shiga rumbu, Afala sai ta fara raguwa. Samari su ɗaure kaya su nufi tashar Tawa: wasu Abijan, wasu Legas, wasu arewa ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. A gida sunansu ƴan bida. Yayana yana cikinsu. Wata rana muna sauraren labarai, mai rediyo ya ce ana ƙoƙarin dakatar da "kwararar baƙin haure". Inna ta waiwayo ta ce mini: "Kai ɗan lakkwal, katangar wa yayanka ya haura?" Na rasa amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu dubi kalmomin. Mai haure shi ne wanda ya ƙi ƙofa ya bi ta darni, kuma kowa ya san wa ke yin haka da dare. Kwarara kuwa aikin ruwa ne. Ruwa ba ya da uwa, ba ya da suna, ba a tambayar sa dalili, tare shi ake yi. Ke nan kafin a gama jimlar an riga an yanke hukunci biyu: ɓarawo ne, kuma a gina masa madatsa. Mai saurare ya ɗauka labari ya ji, alhali ra'ayi anka ba shi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A 2015 firaministan Birtaniya, David Cameron, ya kwatanta masu tsallaka Bahar Rum da tarin ƙwari, anka yi ta sukar sa. Cikin wannan shekara ce Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 a kan safarar baƙi, direbobin Agadas da yawa sunka shiga kaso, anka kama motocinsu. An soke ta cikin Nuwamban 2023. Ban ce kalma ce ta haifi doka ba. Amma mutanen da kullum ake kira ambaliya, ba wuya a yarda a tare su.

Wani zai ce: to, so kake ɗan jarida ya yi ta shafa mana mai? A'a. Cikin Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Wanda ya ɓoye wannan ya ci amana. Kuma gaskiya mu ma muna da namu lulluɓi. "Cin rani" kwatance ne mai daɗi, kamar mutum ya tafi ya cinye rani ya komo da damina. Bai faɗin matar da ta shekara uku tana noma ita ɗaya, bai faɗin wanda bai komo ba. Tamu kalmar tana ɓoye haɗari, tasu tana ɓoye mutum.

Saboda haka ba cewa nake a bar kwatance ba. Bahaushe bai iya magana ba tare da shi ba, siyasarmu ma cike take da shi: ku tuna "tazarce" a 2009, kalma guda ta mai da sauya tsarin mulki kamar ci gaba da tafiya kawai. Abin da nake roƙo shi ne mai rubutu ya yi wa kansa tambaya biyu. Ta farko: wannan hoto wa ya fidda daga cikin labarin? In anka ce "hamada ta cinye su", ina wanda ya loda su cikin ruɓaɓɓiyar mota, ina talaucin da ya tashe su daga gida? Ta biyu: zan iya faɗin kalmar nan gaban uwar wanda nake magana a kansa?

Mu ɗalibai da ke marmarin aikin jarida, gobe mu za mu riƙe makirufo. Magana zarar bunu ce. Ni dai na yi wa inna alkawari: ran da zan ba da labarin ƴan bida, zan faɗi garin da sunka fito, da abin da ya tashe su, da abin da ya same su a hanya. Hukunci kuwa in bar wa mai saurare.