Asirin Wa Ake Rufewa?

Tun ina yaro nake jin tsofaffinmu suna roƙon Allah Ya rufa asiri, kuma ban taɓa jin wata addu'a da Bahaushe yake maimaitawa kamar wannan ba. A wurinmu mai rufa wa ɗan'uwansa asiri mutumin kirki ne, mai tonawa kuwa abin gudu. Da wannan tarbiyya na tashi, ban kuma taɓa tuhumar ta ba sai ranar da wata ƙanwata ta dawo daga wurin aiki idanunta sun yi jajir. Ta kai ƙarar wani babba a ma'aikatarsu wanda ya matsa mata da maganganun banza da kiran waya cikin dare. Jami'ar da ta karɓi ƙarar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ƴata, ki rufa mana asiri, ki rufa wa kanki." Bayan wata guda aka canja wa ƙanwar tawa ofis, shi kuwa yana nan a kujerarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar da jami'ar ta zaɓa. Ba ta ƙaryata yarinyar ba, ba ta kuma gaskata ta ba. Ta ɗauko ɗabi'ar da muka fi girmamawa ta toshe mata baki da ita. Daga ranar na fara tambayar kaina: idan aka zargi shugaba da cin zarafin na ƙasa da shi, ma'aikata ta lulluɓe maganar, shin sutura ta yi ko zalunci? Na ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai, mu da kunya ta yi wa yawa, har sai da na karanta abin da ya faru a kamfanin Google na Amurka.

Andy Rubin shi ne jagoran waɗanda suka ƙirƙiro manhajar Android, wadda take cikin mafi yawan wayoyin da muke riƙe da su a yau. Google ya sayi kamfaninsa a 2005, ya zama ɗaya daga cikin ƙusoshin gidan. A watan Oktoban 2014 aka sanar cewa zai tafi, kuma shugaban kamfanin na lokacin, Larry Page, ya raka shi da yabo da fatan alheri a bainar jama'a. Shekara huɗu duniya ba ta san cikakken labarin ba. Sai a ranar 25 ga Oktoban 2018 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa wata ma'aikaciya ta zarge shi da tilasta mata aikin lalata a wani ɗakin otal a 2013, cewa kamfanin ya yi bincike ya ga zargin yana da tushe, aka nemi ya ajiye aiki, sannan aka sallame shi da dala miliyan 90, ana biyansa kimanin miliyan 2 duk wata har tsawon shekara huɗu. Rubin ya musanta zargin, ya ce ɓatanci ne da ya samo asali daga rikicin rabuwarsa da matarsa, kuma wajibi ne in faɗi hakan, domin babu kotun da ta same shi da laifi.

To amma ni ba Rubin nake yi wa shari'a ba. Kamfanin nake kallo, kuma a ganina ko ta wace fuska aka dubi lamarin, sai an ga baƙi a jikinsa. Idan ya yi imani mutumin ba shi da laifi, me ya sa ya nemi ya tafi? Idan kuma ya yi imani zargin gaskiya ne, me ya kawo yabo da miliyan casa'in? Amsar da na iya samu ita ce kamfanin bai zauna don gano wanda aka zalunta ba. Ya zauna ne don lissafin wace hanya ce ta fi sauƙin asara: kada gwanin ya koma wurin abokan hamayya, kada ya kai ƙara, kada labari ya fita darajar hannun jari ta faɗi. Da aka gama lissafin, shiru ya fi komai arha, ko da kuwa farashinsa miliyan casa'in ne.

A nan tushen matsalar yake. Sashen kula da ma'aikata, inda ake kai irin wannan ƙara, ba kotu ba ne. Albashin jami'ansa daga aljihun kamfani yake fita, kuma ƙarin girmansu yana hannun manyan da ake kawo ƙararsu. Lauyan kamfani ma kamfani yake karewa. Idan direba ko masinja aka zarga, amfanin kamfani da adalci sukan bi hanya ɗaya, domin korar sa ba ta rage wa kowa komai. Shugaban Google na yanzu, Sundar Pichai, ya shaida wa ma'aikata a lokacin cewa cikin shekara biyu an kori mutum 48 saboda irin wannan laifi, 13 daga cikinsu manyan manajoji ne, ba a kuma ba ko ɗaya kuɗin sallama ba. Na yarda an yi hakan, amma maganar ta ƙara fito da bambancin ne. Ashe akwai wani tsani da idan mutum ya hau, dokar da ta kori arba'in da takwas sai ta koma ciniki. Ba a ba kura ajiyar nama, in ji masu iya magana, mu kuwa mun ba ta ajiyar, mun kuma naɗa ta alƙali idan naman ya ɓace.

Ba Google kaɗai ba ne. A 2016 Gretchen Carlson, mai gabatar da shirye-shirye a tashar Fox News, ta kai ƙarar shugaban tashar, Roger Ailes. Cikin makonni ya sauka, yana musanta zargin, da kuɗin sallama kimanin dala miliyan 40. Ita kuwa aka sasanta da ita a kan miliyan 20 tare da neman afuwa. Wanda aka zarga ya tafi da ninkin abin da aka ba wadda aka nemi gafararta.

Duk da haka ba zan yi wa kaina adalci ba idan na ƙi sauraron ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Zargi ba hujja ba ne. Shugaba yana da maƙiya, kuma wanda ya hana wani ƙarin girma ko ya kori wani yana iya wayar gari da ƙazafi a wuyansa. Mutuncin da aka gina cikin shekara talatin yana rushewa cikin yini ɗaya, ko an wanke mutum daga baya tabon ba ya fita. Sannan ita kanta mai ƙarar sau da yawa ba ta son sunanta ya shiga bakin duniya, domin ta san abin da zai biyo baya. A garinmu cewa za a yi in ɓera da sata, daddawa ma da wari, a koma binciken irin tufafin da take sawa da dalilin da ya kai ta ofishinsa. Saboda haka sirri yana da gurbi. Na daɗe ina juya wannan hujja, har na kusa sallama mata.

Abin da ya hana ni shi ne na lura ana cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai sirrin da ake yi yayin bincike, don kada a yanke wa kowa hukunci kafin a ji ta bakinsa. Wannan kariya ce ga mai ƙara da wanda ake ƙara baki ɗaya, kuma ina goyon bayansa. Akwai kuma sirrin da ake saye bayan bincike ya ƙare, a sa mace ta rattaba hannu cewa ba za ta ƙara buɗe baki ba har abada, a rubuta wa namijin takardar yabo ya tafi wata ma'aikatar. Wannan na biyun ba ya kare wanda ba shi da laifi, domin mai gaskiya wankewa yake buƙata a fili. Wanda yake karewa shi ne mai laifi, da kuma gidan da ya ɓoye shi. Kuma akwai wadda ba a gayyata zaman cinikin ba alhali ita za ta biya: yarinyar da za ta fara aiki a ƙarƙashinsa a sabon wurin, ba ta san komai ba. Ko a ƙissar Annabi Yusuf, mai gidan ya ga shaida ƙarara a jikin riga, ya san inda gaskiya take, amma abin da ya zaɓa shi ne a bar maganar, daga baya kuma marar ƙarfin ne ya tafi kurkuku.

Rufin asirin da kakanninmu suka yaba, kamar yadda na fahimce shi, daga sama yake saukowa ƙasa. Mai hali ne yake suturta wanda talauci ko kuskure ya tona, a kai masa hatsi da dare don kada maƙwabta su gani. Laifin da ake rufewa kuwa shi ne wanda ya tsaya tsakanin mutum da Ubangijinsa. Ban taɓa jin malami ya ce a rufa wa ɓarawo asiri alhali hannunsa yana cikin aljihun wani ba. Abin da jami'ar nan ta nema daga ƙanwata juyin waina ne: marar ƙarfi ta cire mayafinta ta lulluɓe mai ƙarfi, ita ta tsaya a rana.

Wani zai ce kamfani ba mutum ba ne, ba shi da zuciya, riba aka kafa shi ya nema. Ban karɓi wannan uzuri ba. Kamfani ba ya sa hannu a takarda, mutane ne suke sawa, kowannensu da suna da ƴaƴa a gida. Kuma an ga inda suka zaɓi wata hanyar. Majalisar daraktocin CBS ta ɗauko lauyoyi daga waje su binciki shugabanta, Leslie Moonves, wanda ya sauka a Satumban 2018 yana musanta zarge-zargen da aka yi masa, kuma a Disamba ta ƙi biyansa dala miliyan 120 na sallama. Sai dai kada mu yi saurin tafi, domin ba su motsa ba sai da mujallar New Yorker ta fallasa maganar. Kusan ko'ina haka abin yake: dokokin cikin gida suna nan a rubuce tun da daɗewa, amma ba sa farkawa sai an buga ƙofa daga waje.

A Google ma'aikatan ne suka buga ƙofar. Ranar 1 ga Nuwamban 2018, da ƙarfe 11:10 na safe agogon kowane gari, sama da mutum 20,000 suka ajiye aiki suka fito, daga Tokiyo da Singafo zuwa Landan da Kalifoniya. Bayan mako guda kamfanin ya janye sharaɗin da yake tilasta wa mai ƙarar cin zarafi zuwa zaman sasanci na sirri maimakon kotu. Masu hannun jari suka kai daraktoci ƙara, aka sasanta a 2020 bisa alkawarin kashe dala miliyan 310 wajen gyara. A Maris na 2022 Amurka ta yi dokar da ta ba mai irin wannan ƙara ƴancin zuwa kotu ko da ta sa hannu a kan wancan sharaɗi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki a 2019, Nijeriya kuma ta rattaba mata hannu a 2022, ko da yake ƙanwata ba ta ga inuwarta a ofishinsu ba.

Biyu daga cikin matan da suka shirya fitowar, Claire Stapleton da Meredith Whittaker, sun ce an yi musu bi-ta-da-ƙulli a wurin aiki. Kamfanin ya musanta, amma kafin ƙarshen 2019 duk sun bar shi. Kashin ƙarshe na kuɗin Rubin kuwa, bisa jadawalin da jaridar ta bayyana, a watan Nuwamban 2018 ne lokacin biyansa ya faɗo, wato watan da ma'aikatan suke tsaye a waje da kwalaye a hannu.